Mai Keke Ɗaya, Masu Masauki Dubu

Tun shekarar 1884 ake samun mutanen da ke ɗaure ƴan komatsansu bisa keke, su yi sallama da iyali, su kama hanya su kaɗai har su ƙetare ƙasashe da hamada. Jaridu kan buga hotonsu, a lissafa kilomitocin da suka taka, a yaba ƙarfin zuciyarsu. Wanda ba a cika tunawa da shi ba shi ne mutumin da ya buɗe musu zaure da almuru, ya kawo ruwa a ƙwarya, ya raba tuwonsa biyu. Amma duk wanda ya bi tarihin waɗannan matafiya, tun daga ɗan ƙasar Polan da ya ratsa Afirka a 1931 har zuwa ɗalibin Gine da ya bi ta Nijar a 2023, zai tarar cewa ƙafar mai keke ba ta wuce inda alherin masu masauki ya tsaya.

Ɗalibin da ya nufi Azhar

A cikin watan Mayu na 2023, wani matashi ɗan ƙasar Gine mai suna Mamadu Safayu Bari, ɗan shekara 25, magidanci mai mata da ɗa guda, ya ɗaura niyyar zuwa karatu Jami'ar Azhar ta birnin Alƙahira, makarantar da ta haura shekara 1000 tana yaye malamai. Kuɗin jirgi sun fi ƙarfinsa. Sai ya sayi keke na hannu, ya ɗauki tufafin canji da tocila da sukudireba guda, ya fuskanci gabas.

Ya ratsa Mali da Burkina Faso, ya gangara Togo da Benin, ya hauro Nijar, daga nan ya shiga Cadi. Ranar da hanya ta yi kyau yakan taka kimanin kilomita 100, kuma a cikin wata 4 ya ci wajen kilomita 4000. Abin da ya shaida wa manema labarai daga baya ba shi da daɗin ji. Sau uku ana tsare shi, sau biyu a Burkina Faso, sau ɗaya a Togo, inda ya ce ya kwana 9 a kulle ba a gaya masa laifinsa ba, sai da ya biya jika 35 aka sake shi. Ya kuma ce a daji yakan kwana, don tsoron kada a cikin gari a ƙwace masa keken ko a ji masa rauni. Wannan magana abin dubawa ce: ɗan Afirka ta Yamma, mai neman ilimi, a tsakiyar ƙasashen da ke alfahari da karɓar baƙo, ya ga gindin itace ya fi masa kwanciyar hankali bisa ga ƙofar gida.

A Njamena tafiyar ta cije. Gabansa Sudan ce, inda yaƙi ya ɓarke tun ran 15 ga Afrilu 2023, kuma Darfur, wadda ke kan iyaka da Cadi, na cikin wuraren da wutar ta fi ci. A nan ne wani ɗan jarida ya zanta da shi, labarinsa ya bazu, har aka samu masu alherin da ba su haɗa dangi da shi ba suka biya masa kuɗin jirgi. Ran 5 ga Satumba ya sauka Alƙahira. Hukumar Azhar ta karɓe shi, ta ɗauki nauyin karatunsa, a Janairun 2024 kuma ɗan wasan fim na Amurka Will Smith ya yi masa kyautar sabon keke da kwamfuta.

Mai karatu ya lura: tsakanin Njamena da Alƙahira akwai fiye da kilomita 2500, kuma ba feda ce ta ci su ba. Ƙarfin gwiwar Mamadu ya kawo shi Cadi, hannun baƙin ido ya ƙarasa da shi.

Lissafin hanya

Domin a gane abin da ke tilasta wa mai keke neman ƙofar jama'a, sai a yi lissafi irin na ƴan kasuwa. Mai mota yana tafe da ɗakinsa. In dare ya riske shi sai ya ɗaga gilashi ya kwanta, in gari bai yi masa ba sai ya ƙara wuta ya wuce na gaba. Mai keke ba shi da wannan gata. Injinsa cinyoyinsa ne, mansa kuwa tuwo da ruwa. In ya ɗora kayan da suka kai kilo 30 ko 40, wato tanti da bargo da tukunya da famfo da kayan faci, da wuya ya wuce kilomita 15 a awa, kuma daga asuba zuwa la'asar abin da zai iya ci bai cika wuce kilomita 80 zuwa 100 ba.

A ɗauki babbar hanyar kwalta da ta tashi daga Yamai ta nufi gabas. Direban bas kan bar Yamai da asuba ya kwana Damagaram, kilomita wajen 900. Mai keke kuwa ranar farko ko Doso ba zai kai ba, iyakarsa wajajen Birnin Gaure. Kafin ya wuce Dogon Dutsi da Ƙonni da Maraɗi da Tasawa ya hango Damagaram, ya yi kwana 9 ko 10, in kuma Ngigmi ya nufa, kusan kilomita 1500, sai ya ba mako 2 baya. Kowace la'asar tambaya guda ke gabansa: ina za a kwana? Otal sai manyan garuruwa, kuma ko akwai shi, aljihun da ke iya biyan otal wata da watanni ba kasafai yake hawa keke ba.

Ga kuma ruwa. A zafin bazara, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, mai taka keke yini guda na iya shanye lita 8 zuwa 10, kuma kowace lita kilo guda ce bisa kariya. Ba mai iya ɗaukar ruwan mako. Tilas ya tsaya bakin rijiya ya roƙi guga. Iska ma tana da nata hukunci: daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na busowa daga arewa maso gabas, wanda ya fuskance ta sai ya yi ta kokawa kamar mai hawan tudu, tafiyar yini ta koma ta yini biyu. In waya ta tsinke a ƙafar baya ko sarƙa ta katse, mai facin bakin kasuwa ne zai fid da shi.

Saboda haka kaɗaicin mai keke na rana ne. Yakan yini shi kaɗai, amma da wuya ya kwana uku bai shiga hannun wani ba. Kuma wannan rauni nasa shi ne ke buɗe masa ƙofa. Wanda ya sauko daga babbar mota, ana ganinsa a ga mai hali, a jira abin da zai bayar. Wanda ya iso bisa keke, ƙura har gira, leɓe a bushe, ana ganinsa a ga mabukaci, kafin ya gama sallama yaro ya ruga ɗebo ruwa.

Bature matalauci a zamanin mulkin mallaka

Wanda ya fara zagaya duniya bisa keke shi ne Thomas Stevens, haifaffen Ingila, wanda ya tashi daga San Faransisko ran 22 ga Afrilu 1884 bisa irin keken nan na da mai ƙatuwar ƙafar gaba, ya kammala a Yokohama ta ƙasar Japan a Disambar 1886. Amma a nahiyar Afirka sunan da ya kamata a riƙe shi ne Kazimierz Nowak.

Nowak ɗan Polan ne, an haife shi a 1897. Shi ba attajiri ba, ba kuma manzon wata gwamnati ba. Rashin aikin yi ne ya fid da shi gida, bisa shawarar ya ciyar da matarsa da ƴaƴansa 2 da kuɗin labarai da hotunan da zai riƙa aika wa jaridu daga hanya. Ran 26 ga Nuwamba 1931 ya sauka Turabulus da tsohon kekensa, ya nufi kudu. Hukumomin Italiya, masu mulkin Libiya a lokacin, suka tare shi cikin hamada suka mai da shi gaɓar teku, sai ya bi ta Iskandariya, ya bi Kogin Nilu, ya ratsa Sudan da yankin manyan tafkuna, har ya kai Agulhas, tsinin ƙarshe na kudancin nahiyar, a watan Afrilu 1934. A birnin Kap Turawan Ingila suka yi masa tayin tikitin jirgin ruwa zuwa gida. Ya ƙi, ya juyo arewa ta wata hanyar.

A komowar ne aka ga iyakar keke. A ƙasar da ake kira Namibiya yau keken ya wargaje, sai wani ɗan ƙasarsu mazaunin can ya ba shi doki, ya yi kilomita wajen 3000 bisa sirdi. A Kwango ya shiga kwalekwale, ruwa ya lalata masa shi, ya taka da ƙafa, ya samu wani, ya iso birnin da ake kira Kinshasa yau a Satumbar 1935. Daga nan ya sake hawa keke har Tafkin Cadi. Sahara kuwa bisa raƙumi ya ƙetare ta, wata 5 yana tafe har Wargala ta ƙasar Aljeriya, sa'an nan ya ƙarasa birnin Alje bisa keke a Nuwambar 1936. Jimla kimanin kilomita 40,000 cikin shekara 5, da hotuna fiye da 10,000.

Wasiƙun da ya bari, waɗanda aka tattara aka buga a littafi a shekarar 2000, sun nuna mutumin da ba ya ga-maciji da mulkin mallaka, wanda ya rubuta zaluncin da idonsa ya gani da yadda ake kwasar arzikin ƙasa. Bature bisa tsohon keke, ba ƴan dako, ba boyi, ba kuku, abin kunya ne ga masu mulkin da suka gina martabarsu bisa nuna cewa farar fata ba ta talauci. Saboda haka sau da yawa bai samu sakin fuska a wajensu ba. Masaukinsa tantinsa ne ko gidajen mishan, abincinsa kuwa daga hannun mutanen ƙauye. Ya koma Polan a Disambar 1936 da jikin da zazzaɓin cizon sauro ya riga ya raunana, ya rasu ran 13 ga Oktoba 1937, bai cika shekara guda a gida ba. A 2006 aka kafa allon tunawa da shi a tashar jirgin ƙasa ta birnin Poznan. Waɗanda suka shayar da shi a rijiyoyin hanya kuwa, ba allon da ya ɗauki sunansu.

Shekara 50 a hanya, da mace ita kaɗai

Bayan yaƙin duniya na biyu aka samu wanda ya mai da tafiyar sana'a. Heinz Stücke, Bajamushe daga ƙaramin garin Hövelhof, ya ajiye aikin masana'anta a Nuwambar 1962 yana ɗan shekara 22, ya hau keke mai giya 3, bai koma zaman gida ba sai bayan shekara 50 da ɗoriya. An ƙiyasta ya taka kilomita 648,000 a ƙasashe 196, wato kamar ya zagaya duniya sau 16. Yadda ya riƙe kansa zai burge ɗan kasuwa: ya buga ɗan ƙaramin littafi mai hotunan tafiyarsa, in ya sauka gari sai ya tsaya da kekensa yana sayarwa, abin da ya samu ya yi guzurin gaba. Ya sha wuya ƙwarai. Mota ta buge shi a hamadar Atakama ta ƙasar Cile, an harbe shi a ƙafa a Zambiya, a 2006 kuma aka sace masa keken a Portsmouth ta Ingila, sai da jaridu suka yi shela aka tsince shi. Amma in aka gwada waɗannan da dare fiye da 18,000 da ya kwana a ƙasashen mutane, sai a ga masu cutarsa ba su taka kara sun karya ba.

Ita kuwa Dervla Murphy, ƴar ƙasar Ailan, an ba ta keke da littafin taswira lokacin da ta cika shekara 10, tun daga nan ta ƙudura zuwa Indiya. Ba ta samu sarari ba sai tana da shekara 31, domin ita ce ta yi jinyar mahaifiyarta shekara da shekaru. A Janairun 1963, cikin wani sanyin da Turai ta daɗe ba ta ga irinsa ba, ta kama hanya ita kaɗai, ta bi ta Yugoslabiya da Turkiyya da Iran da Afganistan da Pakistan har birnin Delhi. Ta tafi da ƙaramar bindiga, amma abin da ya kai ta shi ne rumfunan shayi na bakin hanya da gidajen da suka sauke ta. Littafin da ta buga a 1965 game da tafiyar, ga mutanen Afganistan da Pakistan ta sadaukar da shi, don godiya bisa karimcinsu. A 1992, tana da shekara 60, ta sake taka keke daga Kenya zuwa Zimbabuwe. Ta rasu a 2022 tana da shekara 90.

Mace mai tafiya ita kaɗai tana da nata haɗari, amma tana da wata riba da namiji ba ya samu. Baƙo namiji iyakarsa zaure, ya ji maganar maza, ya ga rabin gari. Mace kuwa ana shigar da ita cikin gida, ta zauna gindin murhu, ta ga ɗaya rabin.

Zaure, zango da fatoma

Kowace ƙasa da irin ƙofarta. A Kudancin Amurka masu keke kan nemi kwana a barikin ƴan kwana-kwana, kuma akwai gidajen da masu su suka buɗe musamman dominsu, kamar wani gida a birnin Trujillo na ƙasar Peru da ya fara saukar da su kyauta a 1985. A Indiya wuraren ibadar mabiya addinin Sikh na ciyar da duk wanda ya zo ba tambaya. A Tailan gidajen ibadar Buda ne mafaka, a Turkiyya da Iran kuwa masallatai da gidajen jama'a. A 1993 wasu masu keke a Arewacin Amurka suka kafa Warm Showers, ma'ana ruwan wanka mai ɗumi, inda kowane mamba ke alkawarin sauke ɗan'uwansa mai keke kyauta, da fatan shi ma a sauke shi ranar da ya fita.

Ƙasar Hausa ba ta bukaci a koya mata wannan ba, domin da shi aka gina fataucinta. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya, kuma a kowane zango akwai fatoma mai sauke su, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da dillali, ya tsaya musu in rigima ta taso. Unguwannin da ake kira Zango a Kumasi da sauran garuruwan Gana daga nan suka samo suna. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya nuna yadda cinikin shanu da goro ya rataya bisa wuyan masu gidajen da ke saukar da baƙin ƴan kasuwa, suna lamuntar bashi tsakanin mai saye da mai sayarwa. Hanyar gabas ma da yaƙi ya datse wa Mamadu, ita ce mahajjatan ƙasa suka bi shekaru aru-aru, daga Njamena zuwa Abeshe da Fashir har gaɓar Bahar Maliya, suna sauka zango-zango wurin ƴan'uwan da suka riga su. Wasu sukan yi shekaru kafin su kai, wasu kuma suka zauna, su ne kakannin Hausawan Sudan da yawa.

Abin da wannan tsari ya gane shi ne, saukar da baƙo lamuni ne, kuma lamunin fuska biyu gare shi. Mai masauki na tsaya wa baƙo a gaban gari, yana kuma tsaya wa gari a gaban baƙo. Shi ya sa a ƙauye ake fara kai baƙo ƙofar mai gari. Da zarar mai gari ya ce a shimfiɗa masa tabarma, kekensa ya zama amana, abin da ya taɓa shi ya taɓa gari duka. Matafiyan da suka daɗe a hanyoyin Afirka sun san haka: kwana a fili, da sanin kowa, ya fi kwana a ɓoye.

Bashin da ke kan baƙo

Baƙunci yana da ladubbansa, kuma gogaggen mai keke ya san su. Yakan iso tun rana ba ta faɗi ba, domin baƙon dare abin tuhuma ne. Yakan sauka daga keke tun daga bakin gari, ya turo shi da hannu, ya yi sallama, ya faɗi inda ya fito da inda za shi, ya nuna takardunsa in an tambaya. Ba ya raina abin da aka kawo, ba ya ɗaukar hoto sai da izini. Ba ya zaro kuɗi ya miƙa wa mai gida kamar wanda ya kwana otal, domin hakan cin fuska ne, sai dai ya bar sukari da shayi, ko ya ba uwar gida abin cefane, ko ya gyara wa yaran gida kekensu. Kuma ba ya daɗewa. Addinin Musulunci ya sanya haƙƙin baƙo kwana 3, abin da ya wuce haka sadaka ce, Bahaushe kuma ya ce baƙo raɓa ne.

Duk da haka akwai abin da ladabi ba ya sharewa. Mai taka keke yini guda yana cin abincin mutum biyu. In ya sauka gidan manomi a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba, tiyar da aka daka dominsa daga bakin yara aka rage ta. Sau da yawa keken da aka jingine a zauren ya fi amfanin gonar mai gidan na shekara kuɗi. Kuma ziyarar ba ta da ramuwa. Baƙon zai koma ƙasarsu ya rubuta littafi, mai masaukin kuwa in ya ce zai je ganinsa, kuɗin neman bizar Turai kaɗai Yuro 90 ne tun daga 2024, wato wajen jika 59, waɗanda ba a maido wa mutum ko da an hana shi.

Bambancin fasfo ya fito fili in aka jera Stücke da Mamadu. Na farkon ya shiga ƙasashe 196 da takardar Jamus. Na biyun an tsare shi sau uku a cikin yankin da yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga maƙwabciyarta ba biza har kwana 90, alhali a 2023 ƙasarsa da ƙasashen da aka tsare shi duk suna cikin ƙungiyar. Baƙon nesa, mai farar fata da kyamara, an fi saurin yarda da shi bisa ga na kusa mai kama da ɗan gida.

Ƙofofin da ke rufewa

A shekarun 1970 da 1980 hanyar Tamanrasat zuwa Asamaka da Arlit da Agadas na cike da matafiya daga Turai, masu motoci da babura, jifa-jifa har da masu keke. Tawayen arewacin Nijar na farkon shekarun 1990 da rikicin Aljeriya da ya soma a 1992 suka fara rage su. A 2003 aka sace Turawa ƴan yawon buɗe ido 32 a Saharar Aljeriya, a 2010 aka sace ma'aikata a Arlit, a Fabrairun 2015 hare-hare suka iso Boso da Difa, ran 9 ga Agusta 2020 kuma aka kashe mutum 8 a Kure, Faransawa 6 da ƴan Nijar 2. Ba a yankin Sahel kaɗai ba: a Yulin 2018 an kashe masu keke 4 a kan hanya a ƙasar Tajikistan.

Asarar ba ta tsaya ga masu otal da masu sayar da kayan ƙira na Agadas ba. Ta shiga har cikin zaure. Mai garin da mahaifinsa ke sauke duk wanda ya yi sallama, yau sai ya yi tunani biyu, domin bai san ko baƙon ɗan leƙen asirin ƴan bindiga ba ne, kuma in wani abu ya faru washegari shi za a fara tambaya. Ba za a ga laifinsa ba, tsoronsa na da dalili. Amma in kowane gari ya rufe ƙofa, wanda zai fara kwana a daji ba ɗan bindiga ba ne, shi yana da inda yake kwana. Almajiri ne, da ɗan ci-rani, da ƙaramin ɗan kasuwar da motarsa ta lalace, da irin su Mamadu.

Maganin bai wuce wanda fatake suka sani ba: a san baƙo, a shaida shi, sa'an nan a lamunce shi. Mai gari ya rubuta sunansa da inda ya fito, a sanar da jandarma mafi kusa, a sanar da garin gaba cewa ga wanda ke tafe, abin da wayar salula ta sauƙaƙa a yau. Ma'aikacin da ke kan shinge kuma ya duba takarda ya rubuta, in ba laifi ya ba da hanya, domin kowane baƙon da aka wulaƙanta a shinge darasi ne ga na bayansa cewa ya guji hukuma ya bi ta daji, wanda kuma ya bi ta daji ba mai sanin ko wane ne.

Masu keke za su ci gaba da fitowa, daga Turai ko daga Gine, domin keke ne abin hawa mafi arha da ke iya kai talaka wata ƙasa da ƙarfin jikinsa. Abin da ba a da tabbas a kansa shi ne ko za su tarar da tabarma a shimfiɗe. Wannan kuwa ba a hannunsu yake ba, yana hannun masu zaure.